Karin Harshe da Barkwanci a Masana'antun Kano

Tun da aka kafa masana'antu a Bompai, daga baya kuma a Sharaɗa da Challawa, Kano ta zama mahaɗar ma'aikata daga ƙasashen Hausa da ma wajensu. Kowa ya zo da karin harshensa, shi ya sa ba a rasa abin dariya a majemu da masaƙu. Basakkwace ya ce "hwara" da "zamna" inda Bakano zai ce "fara" da "zauna". Bazazzagi ya ce "mota ne", Bakano ya tambaye shi yaushe mota ta zama namiji, da ma akwai wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zagezagi. Bakanon kuma bai tsira ba, don "guri" yake cewa maimakon "wuri". Baƙon da bai iya ƙa ba kuwa, in ya ce aiki ya "kare", sai a tambaye shi ko ya yi haushi.

Abin lura shi ne waɗannan bambance-bambance suna bin ƙa'ida. Masana sun nuna "zamna" ta girmi "zauna". Zaɓen Kananci aka yi ya zama tushen Daidaitacciyar Hausa, Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta ƙarfafa shi. Saboda haka wasan yana da daɗi muddin kowa na iya ramawa. Ranar da aka raina ma'aikaci ko aka ƙi sauraron ƙorafinsa saboda lafazinsa, to, ya tashi daga wasa ya koma zalunci.