Masu Gida a Ƙasar Baƙunci

Duk wanda ya taɓa ɗaure kayansa ya bar garin da aka binne cibiyarsa, ya nausa wata ƙasa mai nisa domin neman halali ko neman ilmi, ya san cewa ɗacin baƙunci ba ya bayyana da hantsi, lokacin da hidima ta shagaltar da zuciya. Sai la'asar ta yi sakaliya, an rufe rumfuna da ofisoshi, kowa ya nufi inda ake jiransa, sa'an nan ne baƙo yake tunawa cewa a cikin ɗimbin jama'ar nan da take wucewa ta gabansa babu mutum ɗaya da zai cigita idan bai komo masauki ba. Irin wannan mutum ne malamai suke kira garibi, kuma ban san wani gari a ƙasar nan da yake ɗanɗana wa Bakano wannan hali kamar Legas ba, wadda iyayenmu suke kira Ikko, domin tsakaninta da Kano akwai tafiyar kilomita kusan 1,000, ga bambancin harshe da abinci, ga kuma sauri irin na mutanenta wanda ba ya barin doguwar gaisuwa.

Magabatanmu sun riga mu sanin wannan ciwo, sun kuma yi masa magani. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a shekarar 1911, fataken goro da na shanu suka ƙara yawaita a Kurmi, zangogi suka kafu a Agege da Shagamu, aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun a 1916. A kowane zango akwai maigida, watau mai masauki, wanda yake sauke falke, ya adana masa haja, ya sada shi da dillali, ya tsaya masa idan wata rigima ta taso. Saboda haka baƙo ba ya kwana biyu sai ya sami wanda ya san sunansa da na ubansa. Wannan tsari bai mutu ba, amma bai wadaci mutanen yau ba, domin da yawa daga cikin masu zuwa yanzu ba fatake ba ne: akwai ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗalibi, da soja, da tela, da saurayin da ya biyo motar tumatir zuwa kasuwar Mile 12 ba tare da takardar kowa a aljihunsa ba. Waɗannan su ne suke bukatar wata ƙofa ta shiga cikin jama'a, kuma abin da na gani da idona shi ne, ƙwallon ƙafa tana daga cikin mafi faɗin ƙofofin da suka rage musu.

Ni kaina canjin aiki ne ya kai ni. Na yi makonni ina tsakanin ofis da ɗaki, ba na jin Hausa sai a waya, har wata Lahadi bayan sallar isha'i na zauna a teburin wani mai shayi a Agege, na ga wani dattijo a gefen benci sanye da rigar ƙungiyar Kano Pillars mai ruwan ɗorawa da kore, wadda wanki ya kusa cinye rubutun da ke ƙirjinta. Ban san lokacin da bakina ya ce, “Sai Masu Gida!” ba. Dattijon ya ajiye kofinsa, ya dube ni tun daga hula har takalmi, sa'an nan ya gyara zama ya ce, “Bismilla, matso nan, ɗana. Daga wace unguwa?” Da na faɗa masa, bai tambayi sana'ata ko albashina ba, abin da ya tambaya shi ne ina nake a ranar da Pillars ta fitar da Al Ahly. Na ce, “Baba, ina gindin rediyo a zauren gidanmu.” Ya ce to shi yana nan a kan bencin nan, kuma a daren nan mai shayi bai karɓi kuɗin kowa ba.

Mai karatu wanda bai damu da tamaula ba yana iya mamakin yadda tambaya irin wannan take zama mabuɗin zumunci, alhali kuwa sirrin a bayyane yake. Mutum biyu ba sa sabawa sai suna da abin tunawa na tarayya, kuma baƙo a sabon gari ba shi da tarihin da ya haɗa shi da kowa. Amma ma'abocin ƙungiya yana tafe da shekaru masu yawa na farin ciki da baƙin ciki waɗanda dubban mutane suka ɗanɗana tare da shi a sa'a ɗaya, ko da ba su taɓa ganin juna ba. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na birnin, ta tara wa magoya bayanta irin wannan taska mai yawa: kofin gasar ƙasa na 2008, da uku a jere daga 2012 zuwa 2014, da shekarar 2009 da ta yi kunnen doki 1-1 da Al Ahly a wasan farko, ta je Alƙahira ta yi 2-2, ta fitar da masu riƙe da kofin zakarun Afirka, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta, da shekara 12 da ta yi ba a ci ta a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya wannan tarihi a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Har ma raunukan suna da nasu amfanin, bal ma sun fi nasarorin ɗaure zukata. Ka ambaci Asaba a gaban ɗan Pillars ka ga yadda fuskarsa za ta canja, domin a can ne a 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, aka yi gaba da ci uku da nema, Rangers ta Inugu ta farke su duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Kuma wanda ya kwana da wannan takaici ne kaɗai ya san zaƙin abin da ya faru a Kaduna bayan shekara guda, sa'ad da aka doke Niger Tornadoes aka ɗaga kofin.

Shaihin malamin tarihi Ibn Haldun ya yi dogon bayani a littafinsa na Muƙaddima a kan abin da ya kira asabiyya, watau ƙarfin da yake haɗa jama'a su zama abu guda, kuma ya nuna cewa ko da yake asalinta dangantakar jini ce, tana samuwa kuma ta hanyar ƙawance da daɗewar cuɗanya. Ba ina nufin in ɗaukaka wasa zuwa matsayin da bai kai ba. Amma wanda ya ga yadda Bakano da Bahaɗeje da Bazazzagi, har da Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano ya koma ƙasar iyayensa da Hausa a bakinsa, suke zama a benci ɗaya suna cewa “mun ci” ko “an ci mu”, zai gane cewa akwai wani reshe na wannan ma'ana a nan.

Daga wannan dare na fahimci yadda al'amarin yake gudana. Babu ofis, babu katin shaida. Akwai dai teburin mai shayi, da shagon wani tela, da ƙofar masallaci bayan magariba, da wani zaure a WhatsApp inda ake sanar da ranar wasa. Da yake ba kowane wasan gida ake nunawa a talabijin ba, sau da yawa waya ɗaya ake ajiyewa a tsakiya, a kamo wani gidan rediyon Kano ta intanet, a yi tsit ana sauraron mai sharhi kamar yadda ake sauraron wasiƙar gida. Amma babbar rana ita ce wadda jadawali ya kawo ƙungiyar ƙasar Yarabawa. Idan a filin Onikan ne, a bakin ruwa, to kowa ya kai kansa. Idan a Badun ne za a kara da Shooting Stars a Adamasingba, wanda yake dab da unguwar Sabo, ko a Ikenne gidan Remo Stars, kusa da Shagamu, sai a yi karo-karo a ɗauki bas, mai hali ya biya wa marar hali, a tashi da wuri domin a sami sallar azahar a zango, a ci tuwo a wurin 'yan'uwa, sa'an nan a shiga fili da ganguna. A nan ne taken ƙungiyar yake samun wata ma'ana da ba ta gare shi a Ƙofar Mata, domin mutanen da suke kiran “Sai Masu Gida” a wannan rana dukansu baƙi ne, 'yan wasan da suke kira dominsu ma baƙi ne, sun keto ƙasa a mota a kan hanyar da ba ta da aminci. Ba a manta da watan Maris na 2015 ba, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar. Saboda haka zuwan ɗan zango filin wasa yana da kamannin tarar baƙo da yi masa barka da sauka.

Akwai ƙofa ta biyu, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Gidajen kallo na Legas, kamar na Kano, gasar Ingila da ta Sifen suka fi nunawa, kuma tun zamanin Nwankwo Kanu a Arsenal da Mikel Obi a Chelsea samarinmu suka rarrabu a tsakanin ƙungiyoyin Turai. Pillars tana sada baƙo da mutanen gida; waɗannan kuwa suna sada shi da mutanen gari, domin a gidan kallo Bahaushe ɗan Arsenal ya fi kusa da Bayarabe ko Ibo ɗan Arsenal fiye da ɗan unguwarsu mai goyon bayan Chelsea, aƙalla na minti 90. Na san waɗanda a nan suka fara tsintar Yarabanci, a nan suka sami wanda ya nuna musu ɗakin haya. Abin da kawai nake ji wa samari tsoro a waɗannan wurare shi ne cacar ƙwallo, wadda ta kafa shaguna a jikin kusan kowane gidan kallo, tana cinye guzurin wanda ya bar iyaye suna jiran aike.

Wajibi ne kuma in ambaci abin da ba ya yi mini daɗin ambato. A watan Yuni na 2019, sa'ad da aka tara ƙungiyoyi shida a filin wasa na Agege domin fitar da zakaran shekara, an tashi 1-1 tsakanin Pillars da Rangers, sai wasu daga cikin magoya baya, saboda fushi da hukuncin alƙalin wasa, suka kutsa cikin fili, aka yi jifa da tarzoma, hukumar gasar ta ci ƙungiyar tarar naira miliyan 8. Tara an biya ta, 'yan wasa sun koma Kano; amma kunyar a zango ta kwana, domin mu ne za mu wayi gari mu buɗe shaguna kusa da maƙwabtan da suka kalli abin a talabijin. Dattijon nan mai tsohuwar riga ya yi kwanaki bai sa ta ba, kuma da aka taru ya yi magana mai zafi, ya ce wanda ya zo daga Kano da safe zai koma da dare yana iya mantawa da mutunci, amma wanda 'ya'yansa suke makaranta a Agege ba shi da wannan dama. Asabiyyar da take tara mutane ita ce kuma, idan ta rabu da ladabi da muru'a, take zubar da abin da kakanni suka yi shekara ɗari suna ginawa na kyakkyawar maƙwabtaka.

Abin da ya tabbatar mini cewa zaman namu ya wuce sha'awar wasa shi ne shekarar 2022, da Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Na zaci bencin zai watse, tun da babu sauran abin alfahari. Sai ga shi ba a fasa taruwa ba, domin a tsawon shekarun nan waɗanda suka fara da musun wane ɗan wasa ne ya fi tsakanin Rabi'u Ali da Ahmed Musa sun riga sun halarci sunan 'ya'yan juna, sun yi jinyar juna a asibiti, sun haɗa kuɗin motar da ta kai iyalin wani mamaci gida bayan an yi masa sutura a maƙabartar Hausawa. Asusun da aka buɗe domin kuɗin bas shi ne ya koma asusun lalura, ba tare da wani ya zauna ya tsara haka ba. Da ƙungiyar ta komo babban rukuni a 2023 an yi murna ƙwarai, amma ba komowarta ce ta riƙe mu ba.

Kwanan baya, ana yayyafi, wani saurayi ya tsaya a bakin rumfar mai shayin da jaka a kafaɗa, ƙurar hanya ba ta bar girarsa ba, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman wanda aka kwatanta masa. Idonsa ya sauka a kan kalandar ƙungiyar da take rataye a jikin langa-langa, ya daɗe yana kallonta, leɓensa yana motsi amma kunya ta hana shi magana. Dattijon yanzu ƙafa ta hana shi fitowa da dare, kuma wurin zamansa ni nake kai, sai na janye ƙafata, na share masa gefen benci da hannu, na ce, “Bismilla, ƙanena, ajiye jakar. Daga wace unguwa?”