Takarda a Bakin Get, Ko Hira a Kan Benci?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da janye tallafin man fetur, sana'o'in hannu da dama a arewacin Najeriya suka shiga wani hali. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce haka nesa ba kusa ba. Masu ƙananan janareta suka rage tayarwa, mai gyaransu ya koma wuni a shago babu ciniki, alhali masu haɗa sola ko abinci ba sa samun sukunin ci. Bakaniken da ya ƙware a kan kafireto yanzu motocin da ke shigo masa sai an jona musu kwamfuta kafin a san ciwonsu, ga kuma batun mayar da motoci da a-daidaita-sahu su koma amfani da gas na CNG. Mai gyaran esi da ya saba da gas ɗin R22 yau R410A da R32 yake tararwa. Shi ya sa za ka ga mutum mai shekara goma ko fiye a sana'a, hannunsa ya faɗa sarai, amma yana neman sabon wuri: daga gareji zuwa kamfani, daga wannan kamfani zuwa wancan, ko daga janareta zuwa sola.

Hanya biyu ce a gabansa. Ta farko kowa ya san ta: ya buga takardar neman aiki, ya haɗa da kwafin satifiket, ya kai bakin get ko ya tura ta intanet, ya koma ya jira kira. Ta biyu ita ce ya nemi wanda ya riga shi shiga wurin da yake hange, ya roƙi ɗan lokacinsa, ya zauna ya yi masa tambayoyi a kan aikin, ba tare da ya ce a ɗauke shi ba. Wannan ta biyun ita nake kira ziyarar neman bayani.

Bari mu fara ba takarda haƙƙinta, don masu yabon ziyara sukan raina ta. Takarda ba ta tambayar ɗan wane ne kai. Yaron da ya fito daga Kazaure ko Funtuwa, bai san kowa a masana'antun Sharaɗa ko Challawa ba, ita ce kawai ƙofar da zai iya ƙwanƙwasawa ba tare da jagora ba. Ba ta kuma cin lokaci. A yini guda sai ka tura goma. Sannan babban kamfani ba ya ɗaukar mutum da baki. Ko manaja ƙanen mahaifinka ne, sai ofishin ma'aikata ya buɗe maka fayil, fayil kuwa da takarda ake cika shi: shaidar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya, ko satifiket ɗin NABTEB, ko difloma daga kwalejin fasaha, in kuma aikin wutar lantarki ne a tambayi lasisin hukumar NEMSA. Wanda bai tanadi waɗannan ba, duk daɗin bakinsa a get zai tsaya.

Inda takarda ta gaza shi ne makauniya ce ta fuska biyu. Mai ɗaukar aiki ba ya ganin hannunka a cikinta. Layin da ya ce "na ƙware a walda" iri ɗaya ne a takardar gwani da ta wanda ɗinkinsa ke tsagewa bayan mako. Kai ma ba ka ganin wurin. Sanarwa za ta ce ana neman mai gyaran injina, ba za ta gaya maka cewa ta hannun ɗan kwangila ake ɗauka ba, cewa wata shida-shida ake sabunta yarjejeniya, cewa aikin dare ya fi na rana yawa, ko cewa mutum uku sun bar kujerar a cikin shekara. Ga kuma 'yan damfara da ke buga sanarwar ƙarya su karɓi kuɗin fom, waɗanda ba su da abin farauta kamar mai tura takarda inda bai sani ba.

Ziyarar neman bayani, a matsayin dabara mai suna da tsari, daga Amurka ta fito. Richard Bolles, wani limamin coci da shi kansa ya taɓa rasa aikinsa, shi ya yayata ta a littafinsa na shawara ga masu neman aiki, What Color Is Your Parachute?, wanda ya fara fita a 1970. Hujjarsa mai sauƙi ce: kafin ka nemi aiki, je ka tambayi masu yin sa. A daidai wancan lokacin ne kuma Mark Granovetter, masanin zamantakewa, ya binciki mutanen da suka canza aiki a garin Newton kusa da Boston, ya wallafa sakamakon a 1974. Fiye da rabinsu ta bakin wani mutum suka sami sabon wurin, ba ta sanarwa ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, akasarin waɗanda suka ba su labarin ba aminai ba ne, mutane ne da suke haɗuwa da su jefi-jefi. Dalilin a fili yake. Abokan da kuke shan shayi tare kullum, abin da ka sani shi suka sani. Labarin da bai zo kunnenka ba yana wurin wanda kuka yi koyo tare shekara takwas da suka wuce, ya tafi Kaduna ko Legas, sai da salla kuke gaisawa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, shi da ya ce zuwa da kai ya fi saƙo. Sai dai irin zuwan da muka saba da shi daban ne. Mun saba a je wurin babba a durƙusa a ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa ni a wani wuri." Wannan roƙo ne, kuma amsarsa biyu ce kawai: ko a yi maka, ko a ce "za mu duba, in sha Allahu", wanda kowa ya san ma'anarsa. Ka ɗora wa mutum nauyin da wataƙila ba shi da ikon ɗauka, gobe in ya hango ka sai ya canza hanya. Mai neman bayani kuwa cewa yake, "Oga, ba aiki na zo nema ba. Shekarata tara ina gyaran janareta, ina so in koma sola, na ga kun riga mu nisa. In da hali a ba ni minti ashirin in yi tambaya." Wannan kusan kowane gwani zai iya bayarwa, kuma da yawansu suna jin daɗin a tambaye su. Mutumin da ya shekara ashirin yana aiki ba kasafai ake zuwa wurinsa takanas don jin abin da ya sani ba.

Amfanin zaman yana cikin tambayoyin, kuma a nan ne mai sana'ar hannu ya fi ma'aikacin ofis riba, domin abin da yake buƙatar sani ƙayyadadde ne. Wane aiki ne ya fi shigowa yanzu, sabon haɗi ko gyaran abin da wasu suka ɓata? Batirin lithium ya fi yawa ko har yanzu na ruwa ne? Wace inbata ce ta fi kawo matsala? Kayan aiki na waye, kamfani ke bayarwa ko da naka za ka zo? In abu ya ƙone a hannunka, daga albashi ake cirewa? Ana biyan obataya? In mutum ya faɗo daga rufi, wa ke kai shi asibiti? Wace takarda ce da gaske ake dubawa, wacce ce ado kawai? Amsar wannan ta ƙarshe kaɗai tana iya hana mutum zuba kuɗin wata uku a kwas ɗin da babu mai tambayarsa, ko ta nuna masa cewa abin da ya rage masa bai wuce sanin lissafin lodi da girman waya ba. Mai gyaran firiji zai iya jin cewa gas ɗin R600a da ke cikin sababbin firiji yana kama wuta, don haka wurin da yake hange ba sa ɗaukar wanda bai san ƙa'idar aiki da shi ba. Babu sanarwar da za ta zauna ta yi maka wannan bayani.

Akwai kuma abin da ido ke gani wanda baki ba ya faɗa. Kana zaune a kan benci kana kallon yadda oga ke magana da yaransa, ko akwai mai sanye da takalmin kariya, ko mita da sifana a jere suke ko a warwatse, ko kwastoman da ya dawo da ƙorafi an saurare shi. Su ma suna kallonka. Mai sana'a yana gane ɗan'uwansa daga irin tambayar da ya yi, tun kafin ya ga aikinsa. Wani lokaci ana cikin hira sai a ce, "Malam, ɗan riƙe min nan," kuma yadda ka riƙe ɗin ya fi shafi biyu na takarda bayani.

To amma kada a ɗauka hanyar nan shimfiɗaɗɗiya ce. Bolles ya rubuta wa mutanen da za su buga waya su nemi ganawa da baƙo a ofis, ba abin mamaki ba ne a wurinsu. A kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka, baƙon da ya zo yana tambayar farashi da inda ake saro kaya, zargi zai fara jawowa: ko ɗan leƙen asiri ne, ko so yake ya buɗe shago a gefe ya janye kwastomomi. Zargin kuma ba na banza ba ne, an sha yi. Don haka a nan ziyara ba ta yiwuwa sai da wanda zai gabatar da kai, ko mai sayar da sifiya da kuke hulɗa da shi ku biyun, ko shugaban ƙungiyar sana'a, ko tsohon abokin koyo. Akwai kuma tambayoyin da ba a yi a zaman farko. Ba ka tambayar mutum nawa yake samu. Ka tambayi abin da ake fara ba sabon shiga. Ba ka tambayar sunan kwastomansa.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. Duniyar sana'a ƙarama ce, kafin ka dawo shago labari ya riga ka isa kunnen maigidanka cewa an gan ka a wurin wane. In shi ya koya maka aiki tun kana yaro, ya yaye ka, wataƙila ma shi ya tsaya maka a aure, jin wannan daga bakin wani cin fuska ne. Takarda ta fi ziyara rufin asiri a nan, don ana iya tura ta da dare babu wanda ya gani. A ganina wanda ke tsakaninsa da maigida akwai irin wannan haƙƙi, gara ya fara da shi: "Maigida, ka ga yadda kasuwa ta koma, ina tunanin koyon sola, wa kake ganin zan je wurinsa?" Sau da yawa shi ne ma zai ɗaga waya ya kira. In kuwa maigidan irin wanda ke riƙe yaro ne don kada ya tashi, to wannan ma bayani ne, an samu a kyauta.

Sai lokaci da kuɗin mota. Mai aikin hannu ranar da bai fita ba, ranar babu cefane. Ziyara ɗaya tana cinye rabin yini, kuma ba ta zuwa da alkawarin komai. Mutumin da aka sallama jiya, ga kuɗin haya ga na makaranta, ba za a ce masa ya yi wata biyu yana zagayen neman bayani ba. Ya tura takarda duk inda ya gani, ya karɓi abin da ya samu. Ziyara ta fi dacewa da wanda har yanzu yana da abin yi a hannu, yana dai hango cewa ƙasa na zamewa a ƙarƙashin sana'arsa. A kula kuma da masu mayar da mai tambaya lebura, yau "zo ka gani", gobe "zo ka taya mu", har mako ya cika babu ko kuɗin abinci.

Duk da haka, in aka ɗora su a ma'auni don wanda ke da zaɓi, ziyara nake sa wa gaba, takarda ta biyo baya, domin ziyarar ce ke gyara takardar. Wanda ya zauna da mutum huɗu ko biyar a fagen ya san wuraren da bai kamata ya ɓata takardarsa ba, ya san abin da zai rubuta a maimakon "na iya aikin wuta": irin inbatar da ya taɓa haɗawa, girman tsarin, injinan da ya kwance ya mayar. Ya kuma san sunan foman ɗin da takardar za ta faɗa hannunsa. Sharaɗin dai shi ne ya cika maganarsa. In ya ce ba aiki ya zo nema ba, kada ana gama hira ya zaro takarda daga aljihu, don daga ranar an daina yarda da shi, an kuma daina yarda da wanda ya kawo shi. In oga da kansa ya ce a kawo, wannan daban. Abin da ya halatta ya roƙa kafin ya tashi guda ɗaya ne: "Oga, wa kuma kake ganin ya kamata in gani, kuma zan iya cewa kai ka turo ni?" Bayan kwana biyu ya kira ya yi godiya, in ya je wurin wancan ɗin kuma ya dawo ya faɗi yadda suka yi.