Glenda Jackson: tauraruwar da ta bar fim ta shekara 23 a majalisa

A watan Afrilun 1992, masu zaɓe a mazaɓar Hampstead da Highgate da ke arewacin Landan suka tura wata mata mai shekara 55 majalisar dokokin Birtaniya a ƙarƙashin jam'iyyar Labour. Ba baƙuwar fuska ba ce gare su. Glenda Jackson ta riga ta lashe kyautar Oscar har sau biyu, da fim ɗin Women in Love da kuma A Touch of Class, ba kuwa tare da ta halarci bikin karɓar ko ɗaya daga ciki ba.

An haife ta a Birkenhead a 1936, 'yar magini. Ta yi aiki a kantin magani na Boots kafin ta sami gurbin karatu a makarantar wasan kwaikwayo ta RADA. Sunanta ya fito ne a dandalin Royal Shakespeare Company, sannan a 1971 ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a shirin BBC mai suna Elizabeth R.

Da ta shiga majalisa, sai ta daina wasa kwata-kwata. Gwamnatin Tony Blair ta naɗa ta ƙaramar ministar sufuri a 1997. Bayan shekara biyu ta ajiye muƙamin don neman tikitin takarar magajin garin Landan, amma ba ta samu ba. Maganar gaskiya, ba ta bar wani babban tarihi a ofishin minista ba. Abin da aka fi tuna ta da shi shi ne bakinta, wanda bai san tsoron manya ba. Ta soki Blair, shugaban jam'iyyarta, a kan yaƙin Iraƙi. A 2013 kuma, lokacin da majalisa ta zauna don yabon Margaret Thatcher bayan rasuwarta, ta miƙe ta zayyana irin ɓarnar da take ganin manufofin marigayiyar sun yi wa talakawa, 'yan Conservative na ta yi mata ihu. Ko kujerar tata ba ta zauna mata da sauƙi ba: a zaɓen 2010 da ƙuri'a 42 kacal ta tsira.

Ta bar majalisa a 2015. Mutane da dama sun ɗauka hutu za ta yi, sai ga ta a 2016, tana da shekara 80, a dandalin Old Vic tana taka rawar Sarki Lear, rawar da aka rubuta don namiji, wadda ke gajiyar da ƙarfafan 'yan wasa. A 2018 ta lashe kyautar Tony a New York da wasan Three Tall Women. Ta rasu a Landan ranar 15 ga Yunin 2023, bayan ta kammala fim ɗinta na ƙarshe, The Great Escaper, tare da Michael Caine.