Tagwayen Hasumiyoyin Fitila na Bakin Teku

Ruwa mafi girma da mutumin Gidan Goga ko Bakura ya saba gani shi ne tafkin madatsar Bakolori, wadda aka gama gininta cikin 1978, masu kwalekwale kuwa a can ba su bukatar hasumiya. Amma dabarar da ake magana a kanta ba baƙuwa ba ce gare shi. Manomi in zai fid da iyakar gona, yakan kafa turaku biyu, ya ja da baya, ya yi ta gusawa har na gaba ya kāre na baya. Nan miƙaƙƙen layi yake.

To, haka matuƙan jiragen ruwa suke yi a bakin tashar da rairayi ya ƙuntata mashigarta. Akan gina hasumiya biyu, gajera kusa da ruwa, doguwa can bayanta. Muddin matuƙi yana ganin fitilar doguwar daidai bisa ta gajerar, yana kan hanya mai zurfi. In suka rabu, ya kauce ke nan, sai ya karkata wajen da gajerar ta koma, in ba haka ba jirgi ya kafe da mutane da kaya.

A garin Harwich, gabashin Ingila, an gina irin waɗannan tagwaye na tubali cikin 1818, doguwar tana da tsawo kamar ƙafa 90. Sai dai rairayin teku ba ya zama wuri ɗaya. Sannu a hankali hanyar ta gusa, hasumiyoyin kuwa suna nan inda aka kafa su, har ya zama wanda ya bi su sosai shi ne mai shiga haɗari. Cikin 1863 aka kashe su, aka kafa wasu biyu na ƙarfe masu dogayen ƙafafu a Dovercourt, nan kusa. Su ma cikin 1917 aka daina kunna su. Duka huɗun suna tsaye har yau, gajerar Harwich ta zama gidan tarihin sufurin teku.

Yawancin masu ziyara sukan ɗauki hoton guda ɗaya, wadda ta fi kyau a ido. Wannan kuwa rabin labari ne, domin ɗaya ba ta da amfani sai da 'yar'uwarta. Abin da ya fi shi ne mai hoto ya nemi wurin da biyun za su shiga hoto tare. A Dovercourt ɗayar tana cikin ruwa, ba a isa gindinta sai teku ta janye ta buɗe hanyar dutse, watau dole a san lokacin dawowar ruwa kafin a taka. Da asuba rana tana fitowa ta wajen teku, hasumiyar sai ta fito baƙa ƙirin. Mai son ƙarfen ya fito sarai sai ya jira la'asar.