Fansa, Kaffara da Gicciye

A ƙasar Sabon Birni da Isa ba a buƙatar malami ya fassara wa kowa kalmar fansa. An sayar da shanu saboda ita, an jinginar da gonaki, an bi gida gida da ƙoƙon taimako. Akan ji labarin wanda ya kai kuɗi daji aka saki ɗan'uwansa aka riƙe shi. Tun kafin wannan masifa ta garkuwa da mutane ma kakanninmu sun san fansar bawa. To wannan kalma mai ɗaci ita ce Kirista Bahaushe yake kamawa idan aka tambaye shi me gicciye yake nufi.

Kada a ɗauka maganar ta nesa ce. Tsallaken iyaka kaɗan, a Tsibirin Gobir kusa da Maradi, 'yan mishan na SIM sun kafa zango tun ƙarshen shekarun 1920, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma har yau akwai Gobirawa Kiristoci masu ibada da Hausa tsantsa. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, masu fassararsa kuwa ba su ƙago baƙin kalmomi ba. Fansa, kafara, hadaya, zunubi, duk a bakin mutane suka tsince su.

Shi gicciye asalinsa ba abin ado ba ne. Itace ne da Rumawa suke kafe bayi da 'yan tawaye a kai, tsirara, a bakin hanya, mutum ya yini yana fama da numfashi har rai ya fita. Kisan wulaƙanci ne wanda ba a saba yi wa ɗan ƙasar Rum ba. Linjila ta ce haka aka yi wa Yesu a wajen birnin Urushalima, zamanin gwamna Bilatus, a lokacin Idin Ƙetarewa na Yahudawa, kuma ya tashi daga matattu a rana ta uku. Abin tambaya shi ne yadda itacen kunya ya koma abin da ake ɗorawa a ƙololuwar majami'a.

Amsar tana farawa daga yadda Kiristoci suke kallon zunubi. A wurinsu ba laifuffuka ba ne kawai da mutum yake aikatawa ɗaya bayan ɗaya. Ciwo ne da ya shiga ɗan Adam tun daga tushe, koyarwar da Agustin, wani bishop na ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya fi kowa kafa ta. Musulmin da ya karya azumi da gangan ya san kaffararsa: 'yanta bawa, ko azumi sittin a jere, ko ciyar da miskinai sittin. Da kansa yake biya. Kirista kuwa cewa yake yi bashin ya fi ƙarfin mai shi, kamar wanda ke ɗaure a daji, ba shi da halin zuwa kasuwa ya nemo kuɗin kansa. Sai dai wani ya zo daga waje.

Hoton wannan yana cikin Littafin Firistoci, babi na 16. A Ranar Kafara, sau ɗaya a shekara, ana kawo bunsuru biyu. Ɗaya a yanka, a shiga da jininsa wuri mafi tsarki. Ɗayan babban firist ya ɗora hannuwansa biyu a kansa, ya furta laifuffukan jama'a duka, sannan a kora shi jeji ya tafi da su. Kiristoci sun ce Yesu ne ya haɗa aikin biyun, suna kuma kiransa Ɗan Rago na Allah, shi ya sa ba su da yankan hadaya a ibadarsu: a ganinsu an yi an gama.

Amma duk wanda ya taɓa kai fansa zai yi tambayar da ta fi kowace kaifi: wa aka biya? Malaman Kirista ma sun daɗe suna kai ruwa rana a kanta. Wasu na farko, irin su Orijin na Iskandariya, sun ce Shaiɗan ne ya karɓa, tunda shi ke riƙe da mutane. Wajen shekarar 1098 Anselm na Kantabari ya ƙi wannan, ya ce ɓarawo ba shi da haƙƙin da za a biya shi. Allah aka saɓa wa, a gabansa bashin yake, kuma sai wanda yake mutum ne kuma Allah ne zai iya biya. Abelad, na zamaninsa, ya fi karkata ga cewa gicciye nunin ƙauna ne mai narkar da zuciya ta tuba. Daga baya su Kalbin suka ƙarfafa cewa hukuncin da ya cancanci mai laifi ne Yesu ya ɗauka a madadinsa, wannan fahimtar ce kuma aka fi ji a majami'u irin na ECWA. A nawa ganin, wanda ya san 'yan bindiga ba zai sha wahalar gane dalilin Anselm ba.

A nan hanya ta rabu da Musulunci, kuma ɓoye wannan ba zumunci ba ne. Alƙur'ani, a Suratun Nisa'i aya ta 157, ya kore cewa an kashe Annabi Isa (AS) ko an gicciye shi. Ya kuma koyar da cewa Annabi Adamu ya tuba an yafe masa, kuma ba wanda zai ɗauki nauyin laifin wani. Musulmi yana ganin Allah ba ya buƙatar jini kafin ya yi gafara. Kirista yana ganin gafara ba ta zuwa ba tare da wani ya ɗauki asarar ba, kuma Allah da kansa ya ɗauka.

Ko a tsakanin Kiristocin ma alamar ba iri ɗaya ba ce. Shiga majami'ar Katolika a Sakkwato, za ka ga gicciye da siffar Yesu a kai, da ƙusoshi da rawanin ƙaya. A ta ECWA itace biyu ne kurum, ba kowa a kai. Na farko yana tuna Juma'ar da aka biya, na biyu Lahadin da aka tarar da kabari wayam.