Ko Ka Sani? Ƙarfen da ke Jiran Ranar Kifewa

Ko ka san akwai wata tsohuwar buɗaɗɗiyar Marsandi da ke gane za ta kife tun direbanta bai kai ga yin salati ba? Ita ce Mercedes-Benz SL, samfurin da kamfanin ya sa wa lamba R129, wadda aka fara nuna wa duniya a baje kolin motoci na birnin Jeniba cikin watan Maris na 1989. A bayan kujerunta akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke kwance luf, an lulluɓe shi tsaf, wanda bai sani ba sai ya ɗauka ado ne. Da motar ta ji alamar juyewa, sai ƙarfen nan ya zabura ya miƙe a saman kawunan mutanen ciki cikin daƙiƙa 0.3, wato kashi uku cikin goma na daƙiƙa ɗaya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, mita takwas da ɗoriya kawai take ci a wannan ɗan lokacin. Kafin ƙiftawa da bismilla an gama.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka shirya tashin. Hanya biyu ƙarfen yake da ita. Akwai maɓalli kusa da hannun direba, in ya danna sai famfon mai ya ɗaga ƙarfen a hankali, cikin natsuwa, yadda za a iya nuna wa abokai a ƙofar gida. Amma a ranar haɗari babu lokacin jiran famfo. Saboda haka injiniyoyin suka danne wani ƙaƙƙarfan sifirin a ƙarƙashinsa, suka riƙe shi da ƙugiya, daidai yadda ake ɗana tarkon ɓera. Wata 'yar kwamfuta ce ke riƙe da kunamar tarkon. Tana auna yadda motar ta karkata, tana auna ƙarfin girgiza, sannan akwai wasu maɓallai a wajen tayoyin baya masu sanar da ita in taya ta rabu da ƙasa. In lissafin ya cika, sai maganaɗisun lantarki ya fizge ƙugiyar, sifirin ya harba ƙarfen sama, wasu haƙora kuma su cafke shi yadda nauyin mota ba zai mayar da shi ƙasa ba. Ko rufin a buɗe yake ko a rufe, aikin ɗaya ne.

Ka tuna fa, an daina ƙera wannan samfurin tun 2001, bayan an fitar da fiye da 200,000 daga masana'antar kamfanin da ke Bremen a Jamus. Ke nan mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara ashirin, manyan kuma sun wuce talatin. A cikin da yawansu sifirin nan yana nan a danne tun ranar da ma'aikaci ya ɗana shi. An sayar da motar sau uku ko huɗu, ta sha dusar ƙanƙarar Turai, ta hau jirgin ruwa, ta yi zaman tashar Kwatano, shi kuwa yana jiran lokacinsa.

Dalilin duk wannan wahalar tsoro ne da ya kama masu ƙera motoci a shekarun 1970. A lokacin an yi ta raɗe-raɗin cewa gwamnatin Amurka za ta kafa dokar kariya daga kifewa wadda babu buɗaɗɗiyar motar da za ta tsallake. Kamfanoni suka riƙa janye hannu ɗaya bayan ɗaya. A 1976 Cadillac ta tallata Eldorado a matsayin buɗaɗɗiyar motar Amurka ta ƙarshe, mutane suka yi rububin saye suna ɓoyewa a gareji don ta yi tsada. Haramcin bai zo ba. A 1984 Cadillac ta sake fito da buɗaɗɗiyar Eldorado, wasu daga cikin masu ɓoyon suka fusata har suka kai ƙara kotu, kuma ba su yi nasara ba. Porsche kuwa tun tsakiyar shekarun 1960 ta kafa ƙarfe na dindindin a samfurinta na Targa. Yana kariya, sai dai kullum yana tsaye a kan mota. Su mutanen Mercedes, a ƙarƙashin babban mai zanensu Bruno Sacco, suna son kariyar amma ba su yarda a ɓata musu siffar mota ba, shi ne suka ɓoye ƙarfen. Har kujerun suka yi wa ƙashin magneziyam, suka dasa bel ɗin a jikin kujerar, tun da babu ginshiƙin da za a ɗaura shi.

Motar ta taɓa jawo wa wata gimbiya surutu. A ƙarshen 1991 Gimbiya Diana ta ajiye Jaguar ɗinta ta karɓi wata jar 500 SL. Jaridun Ingila da 'yan siyasa suka taso mata, wai yaya 'yar gidan sarauta za ta hau motar Jamus alhali masana'antun gida suna sallamar ma'aikata. A watan Satumba na 1992 ta mayar da ita. Yau motar tana gidan tarihin Mercedes-Benz da ke Stuttgart.

Kuma tun da rufin wannan mota ma naɗe kansa yake yi, wanda ya fara fito da dabarar rufin ƙarfe mai shigewa but ba ma injiniya ba ne. Wani likitan haƙori ne Bafaranshe, Georges Paulin, kuma Peugeot ce ta sa dabarar a motocinta masu suna Eclipse a tsakiyar shekarun 1930. E, Peugeot ɗin nan dai da aka riƙa harhaɗa mana a Kaduna.

To, a ce wani ɗan Yankwashi da Allah ya buɗa wa, yana aiki a Kano ko Abuja, ya ƙyalla ido ya ga irin wannan mota a wajen dillalai, ya ce zai ajiye ta a gida don ƙarshen mako. Sha'awar ba laifi ba ce. Kuɗin sayenta bai kai rabin labarin ba, wannan kowa ya sani: injin 500 SL mai silinda takwas ne, lita biyar, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 babu mai yi wa irin wannan inji kallon wasa. Lokacin buɗe rufin ma ƙalilan ne a wajenmu. Da bazara kujerar fata ba ta zaunuwa da rana, da hunturu ƙura ce za ta yi maka kwalliya kafin ka isa Karkarna, da damina kuma hadari ba ya sallama. Abin da ya rage shi ne yammacin kaka, sai ranar ɗaurin aure da hawan salla a Kazaure, sai ɗan zagaye wajen duwatsun Roni in gari ya yi sanyi. A ganina waɗannan ma sun isa dalili.

Amma ga inda ƙarfen namu ya sake shigowa. 'Yar kwamfutar nan titunan Jamus ta sani. Masu irin motar a ƙasashe daban-daban sun sha ba da labarin yadda ƙarfen ke harbawa ba tare da haɗari ba, in an faɗa babban rami da gudu ko an hau gangare a karkace har tayar baya ɗaya ta yi lilo. Wanda ya san yadda ake sauka daga kwalta a shiga hanyar ƙauye bayan ruwa ya zaizaye bakin titi, ya san wannan karkatar ba baƙuwa ba ce tsakanin Gwiwa da Ɓaɓura. Na taɓa ganin irin haka a wani ayarin ango: aka ji "ƙwas!" a bayan direba, abokan ango suka dare, wani har da cewa taya ce ta fashe. Ƙarfen ne ya tashi, ya tsaya ƙyam, motar kuma lafiyarta ƙalau.

In haka ta faru, rufin ba zai yarda ya motsa ba sai an mayar da ƙarfen mazauninsa. A nan ne ake asarar kuɗi a banza. Bakaniken da bai taɓa ganin irinta ba zai ce, "Alhaji, ai sai an kwance bayan gaba ɗaya," ɗan rewaya kuma ya ce a cire fis a huta. Alhali abin da ake yi shi ne a danne maɓallin ta wajen ɗagawa na 'yan daƙiƙoƙi, har famfon ya tura sandarsa ta kamo ƙugiyar, a ji ta ce ƙas, sannan a danna ƙasa. Saukar ƙarfen ita ce ke sake danne sifirin.

Shi ya sa, in ni ne mai saye, ba fenti zan fara dubawa ba. Zan sa dillali ya tayar da mota, in ɗaga ƙarfen da maɓalli in saukar, in ga ko fitilar gargaɗinsa ta mutu bayan inji ya tashi. Daga nan in sa a naɗe rufin a warware a gabana. Daƙiƙa talatin ya kamata ya ɗauka, kuma silindojin mai fiye da goma ne ke wannan aikin, kowacce da robar da ke tsufa, zafin ƙasarmu kuma yana gaggauta mata. In ka ga danshin mai a saman gilashin gaba, ko tabonsa a kan kujera da kafet, robobin sun fara sallama. Samfuran farko zuwa tsakiyar shekarun 1990 suna da wata matsalar ta daban: rigar wayoyin inji tana bushewa ta marmashe, don haka a buɗe bonet a lanƙwasa waya a gani. A tambaya kuma ina rufin alminiyon da kowace R129 ta fito da shi daga masana'anta, wanda sai mutum biyu ke ɗaga shi. Yawanci a hanya yake ɓacewa tsakanin mai ita na biyu da na uku, kuma ba kayan da za ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da safe ka fito da shi kafin azahar ba ne.