Dasashin Da Ya Janye

Jama'ar Danja, da yawanku ku kan zo disfensare ku ce haƙoranku sun yi tsawo, in kun sha rake ko ruwan randa sai ku ji zafi har ka. To, ba haƙori ne ya yi tsawo ba. Dasashi ne ya janye, ya bar saiwa a fili. Dattin da ke daskarewa a gindin haƙori ya kan kawo haka, da dirza da busasshen asuwaki ko gawayi.

Dasashin da ya janye ba ya komowa da kansa, ƙwaya kuma ba ta mai da shi. Sai aiki. Likita ya kan kashe wurin da allura, ya yanko 'yar tsoka daga ganɗar mutum, ya ɗinka ta bisa saiwar, kamar mahon riga. Akwai kuma wani magani mai kauri, Emdogain, da aka ƙago a Suwidin, a kan shafa wa saiwar don nama ya kama. Daga haƙoran 'ya'yan alade a ke samunsa, saboda haka ku tambaya tun kafin a fara. Aikin na yiwuwa ba tare da shi ba.

Amma fa in ciwo ya riga ya ci ƙashin da ke tsakanin haƙora, mahon ba zai rufe saiwar duka ba. Shan taba ma na hana shi kamawa. Wanda ke ganin jini in ya yi asuwaki, kada ya ce sai bayan kaka. Ya zo mu duba, mu ba shi takarda zuwa wurin likitan haƙori a Zariya.